Tarihin duniya na tsakiyar zamani: haddar shekaru za mu yi ko bin labari?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura sati uku mu shiga jarrabawar tallafin karatu, kuma a takardar nan da ake tambayar komai da komai akwai ɓangaren tarihin duniya na tsakiyar zamani. Na rubuta shekaru sun fi sittin a kan kwali, na manna a bangon kicin. Ina tuƙa tuwo ina kallonsu, yara su yi barci in sake haska su da fitilar waya. Amma da safe in na gwada kaina sai su cakuɗe mini. 1054, 1066, 1071, 1095, duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mini yadda ya yi.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Yaya. Kada ki wahalar da kanki. Tambayoyin canki-canka ne, A zuwa D, ba wanda zai ce ki yi bayani. Ki rage su zuwa ashirin, ki yi ta maimaitawa kamar karatun allo. 476 faɗuwar Rum ta yamma, 622 Hijira, 800 naɗin Shalman babban sarki a yammacin Turai, 1066 yaƙin Hestins, 1215 Magna Karta, 1453 faɗuwar Kustantiniyya, Istanbul ta yau. Haka na yi bara, kuma na haye.

Malamin Tarihi: Ɗan Zazzau, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda da kai duka ba. Ko ɗan allo ba ya riƙe ayoyi a warwatse, da sura yake riƙe su, kowace aya na janyo ta gabanta. Shekarun nan huɗu da suka rikita Maman Biyu, uku daga cikinsu sura guda ce.

A 1054 cocin Kirista ya rabu biyu, na Paparoma a birnin Rum da na gabas a Kustantiniyya. Riƙe wannan a gefe. A 1071 Turkawan Saljuƙ ƙarƙashin Alb Arsalan suka karya rundunar Rumawan gabas a Manzikat, har suka kama sarkin Rumawan da ransa. Daga nan ƙofar Anatoliya, wato Turkiyyar yau, ta buɗe wa Turkawa. Da abin ya yi wa Rumawa zafi, sarkinsu Alekziyos ya aika neman ɗauki wurin wanda suka ɓata da shi, Paparoma. Shi ne Paparoma Arban na biyu ya tashi a garin Kilamon na Faransa a 1095 ya yi kiran yaƙi. Sakamakon kiran nan Salibiyawa, wato mayaƙan Kiristocin Turai, suka ci Kudus a 1099. To kin gani: rabuwa, kaye, neman ɗauki, yaƙi. In kin san wanne ya haifi wanne, ko an sa miki 1071 da 1095 a zaɓi ɗaya ba za ki ɗauki ɗa ki ce shi ne uba ba.

1066 ce kawai baƙuwa a cikinsu. Ita ta Ingila ce: Wiliyam na Nomandi ya ƙetare teku ya kashe Sarki Harol a Hestins ya hau gadon sarauta.

Maman Biyu: Allah ya gafarta Malam, wallahi yanzu na ji sun zauna. Ashe ni na raba su da juna a kan kwalin.

Ɗan Zazzau: Malam, na ji, amma sati uku fa ta ce. Shekara dubu ake magana. In kowace shekara sai an ba ta labarinta, ina lokacin yake?

Malamin Tarihi: Ba labari sittin ba ne, sarƙa ce da ba ta wuce biyar ko shida ba. Ka ƙirga minti nawa ka ɗauka kana karanta wadda na rubuta yanzu.

'Yar Maraɗi: Ni tambayata a kan iyaka ce. Mu a makaranta a nan Nijar an koya mana tsakiyar zamani daga 476 zuwa 1492. Yanzu na ga kuna cewa 1453. Wanne mutum zai zaɓa?

Malamin Tarihi: Ƙanwata, duka biyun ana amfani da su, domin masana ne suka shata iyakar daga baya don sauƙin karatu. Mafarin dai kusan kowa ya tafi a kan 476, shekarar da Odowaka ya tuɓe sarkin Rum ta yamma na ƙarshe, wani yaro mai suna Romulus Agustulus. A ƙarshen ne ake saɓani. Mai cewa 1453 yana kallon ranar 29 ga Mayu da Sultan Muhammadul Fatih ya ci Kustantiniyya, ya kawo ƙarshen Rum ta gabas. Mai cewa 1492 yana kallon faɗuwar Garnaɗa a watan Janairu, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, da isar Kolombos nahiyar Amurka a watan Oktoba. Ki duba yadda aka gina tambayar. In an ambaci faɗuwar daula a farko, yawanci faɗuwar daula ake so a ƙarshe.

Wani abu kuma da mai shirya tambaya ke so: shekara ɗaya mai ɗauke da abu biyu. A 1453 ɗin nan ne kuma Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa ya ƙare, wanda aka fara a 1337, wato shekara 116 ya yi. A 1206 aka naɗa Jangis Khan shugaban Mongolawa baki ɗaya, a shekarar kuma Kuɗbuddin Aibak ya kafa daular Delhi a Indiya. A 1492 kuma, ban da Garnaɗa da Kolombos, Sonni Ali na Songhai ya rasu.

Bakatsine: Jangis Khan ɗin nan ai shi ne ya rushe Bagadaza ko? Na tuna an ce kogin Dijla sai da ya canza launi saboda littattafan da aka zuba.

Baba Alaramma: A'a ɗana, jikansa ne, Hulaku. Jangis ya riga ya mutu tun 1227. Mu a zaure da shekarar Hijira muka san wannan musiba, shekara ta 656, aka kashe Halifa Musta'asim, halifancin Abbasiyawa a Bagadaza ya ƙare. Ni duk lokacin da na zo wurin nan a karatu sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Birnin da Mansur ya gina, wanda ya yi kusan shekara ɗari biyar yana tara malamai da littattafai, cikin 'yan makonni aka mai da shi kufai.

Bakatsine: Na gode Baba, da na faɗi wannan a jarrabawa. Amma 656 ɗin ta yaya zan mai da ita ta Miladiyya?

Baba Alaramma: Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, shi ya sa duk shekara talatin da uku ake samun rarar shekara guda. Ka ninka shekarar Hijira da 0.97, ka ƙara 622. Gwada da 656, za ka samu 1258. Gwada da 857, za ka samu 1453, cin Kustantiniyya. Wani lokaci yakan kauce da shekara ɗaya, amma zai kai ka bakin ƙofa. Duk wanda ya yi Islamiyya yana da rabin wannan tarihi a kansa bai sani ba. Shekara ta 92 Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara Andalus, 711 ke nan. Shekara ta 132 Abbasiyawa suka kifar da Umayyawa, 750 ke nan. Shekara ta 583 Salahuddin ya yi nasara a Hiɗɗin ya karɓo Kudus, 1187 ke nan.

Maman Biyu: Baba, Allah ya saka da alheri. Hiɗɗin na sani tun ina Islamiyya, ban taɓa haɗa ta da 1187 ɗin da ke kan kwalina ba.

Malamin Tarihi: Allah ya ƙara wa Alaramma lafiya. In ɗora a kan tasa: bayan 1258 kada ku tsaya, ku taka zuwa 1260. Mongolawa sun ci Sham sun doshi Masar, sai Mamalik, masu mulkin Masar a lokacin, ƙarƙashin Kuɗuz da Baibaras suka tare su a Ainu Jalut a Falasɗinu suka karya su. Wannan nasara ce ta sa Alƙahira ta gaji matsayin Bagadaza, kuma Mamalik ɗin ne suka kori ragowar Salibiyawa daga Akka a 1291. Saboda haka lokacin da Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, babban birnin duniyar Musulmi ya sauka, a zamanin Sultan Nasir Muhammad. Kun ga sarƙa ta biyu ta kawo mu har gida.

Ɗan Zazzau: To ga wata. Littafin da nake amfani da shi ya kira wannan zamani "zamanin duhu". In an tambaya, haka zan amsa?

'Yar Maraɗi: Duhu a wurin wa? Wannan suna yana ci mini rai. A ƙarni na tara Khawarizmi yana Bagadaza yana rubuta littafin da daga sunan littafin ne aka samo kalmar aljabra. A 859 Faɗima al-Fihriyya ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas. An fara ginin Azhar a 970. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, littafinsa na likitanci ya yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da shi a jami'o'in Turai. A Sin kuma zamanin daular Song suna kashe kuɗin takarda, suna da albarushi, jiragensu na tafiya da allurar nuna alƙibla. Yaya za a ce wa wannan duhu?

Malamin Tarihi: Gaskiyarki. Sunan daga Turawan ƙarni na sha huɗu ya samo asali, irin su Fetrak na Italiya, waɗanda suke ganin tun da Rum ta faɗi haske ya ɗauke a ƙasarsu. Ƙasarsu suke nufi, daga baya aka yafa wa duniya duka rigar. Ɗan Zazzau, in tambaya ta ce wane zamani ake yi wa laƙabi da zamanin duhu, ka ba su amsarsu, farkon tsakiyar zamani a yammacin Turai, ka wuce. Amma ka san abin da ka sani.

Sai dai ina da jan hankali gare mu. Kada haushin wannan suna ya sa mu ce Turai ba ta taɓuka komai ba, domin nan ma faɗuwa za mu yi, a jarrabawa da wajen jarrabawa. Jami'ar Bolonya ana lissafa kafuwarta daga 1088. An fara ginin cocin Notar Dam na Faris a 1163. Magna Karta ta 1215, da manyan hakiman Ingila suka tilasta wa Sarki Jon ya amince da ita a Ranimid, ta ce ba za a kama ɗa, wato mutum mai 'yanci, a tsare shi ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa. Don kare kansu hakiman suka yi, ba don talaka ba, amma daga baya lauyoyi suka riƙe ta hujjar cewa sarki ma yana ƙarƙashin doka. Kuma ilimi bai san iyakar addini ba a lokacin: bayan Kiristoci sun karɓe Ɗulaiɗila ta Andalus a 1085, birnin ya zama wurin fassara littattafan Larabci zuwa Latin. Idrisi, masanin taswira, a fadar Sarki Roja na biyu na Sisili ya kammala aikinsa a 1154.

'Yar Maraɗi: Na karɓa Malam. Amma har yanzu ina ganin littattafan shirin jarrabawa ba sa yi mana adalci. Shafi goma a kan sarakunan Ingila, Mali da Songhai rabin shafi, Kanem ko ambato babu.

Bakatsine: Wannan haka yake. Ni sai da na girma na san cewa sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarni na sha ɗaya, kuma a ƙarni na sha uku har masauki suke da shi a Alƙahira don ɗalibai da alhazansu.

Malamin Tarihi: Maganin wannan a hannunmu yake, kuma yana taimaka wa hadda. Ni a aji nakan ja layi biyu a allo da alli, na sama na duniya, na ƙasa namu, in ce yara su riƙa saukar da igiya daga sama zuwa ƙasa. Wajen 1235 Sunjata ya ci yaƙin Kirina ya kafa Mali, shekara ashirin bayan Magna Karta. Tarihin Kano ya sa sarautar Yaji daga 1349 zuwa 1385, zamanin da Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. A daidai farkon sarautarsa Baƙar Annoba na cin Turai da Masar. Ibn Baɗuɗa ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353. Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wato yana kan gadon Kano aka ci Garnaɗa, yana kai Askiya Muhammadu ya karɓi Songhai a 1493, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano. Yaron da ya san Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da idonsa, in ka ce masa Rumfa da Kolombos tsara ne, 1492 ta zauna masa ke nan har abada.

Ɗan Zazzau: Wannan na Rumfa da Kolombos ya shige ni, ban musa ba. Amma Mansa Musa, ana ta yawo da cewa shi ne mafi arziki a tarihin duniya, har da adadin biliyoyin dala. A riƙe adadin?

Malamin Tarihi: Kada ka riƙe. Ba wanda ya ƙirga dukiyarsa a lokacin, lissafin 'yan intanet ne. Abin da ke rubuce shi ne na marubuci Umari, wanda ya zo Alƙahira shekara goma sha biyu bayan ziyarar Mansa Musa ya tarar har lokacin ana zancensa. Ya ce kafin zuwan Mansa Musa miskalin zinariya ba ya yin ƙasa da dirhami 25, bayan kyautar da ya yi ta rabawa ya koma ba ya wuce 22. Sai kuma taswirar Katalan ta 1375 da ta zana shi zaune da ƙwallon zinariya a hannu. Waɗannan biyun su ake tambaya.

Maman Biyu: Malam, ka ambaci Baƙar Annoba. Ita ce ke ba ni wuya tare da tsarin nan na fiyudalizim. Na haddace ma'anarsa amma ban gane haɗinsu ba.

Malamin Tarihi: Tsarin a taƙaice: sarki ya ba manyan hakimai ƙasa, su kuma su yi masa mubaya'a su kawo mahaya in yaƙi ya tashi. A can ƙasa akwai manoman da ke ɗaure da gonar ubangidansu, ba bayi ba ne da za a kai kasuwa, amma ba su da ikon tashi su bar ƙasar, kuma dole su yi masa noma wasu kwanaki a mako. Tsarin yana tafiya ne muddin hannaye sun fi gona yawa.

Sai annoba ta zo. Ta biyo hanyoyin fatauci da mulkin Mongolawa ya haɗe, ta bayyana a Kaffa a gaɓar Baƙin Teku a 1346, jiragen 'yan kasuwar Jenowa suka kai ta Masina a Sisili a watan Oktoban 1347. Zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Yanzu gona ta fi hannaye yawa. Manomin da ya tsira ya ga ana rububinsa, ya ce sai an ƙara masa lada. A Ingila aka yi doka a 1351 don a danne ladan ya koma yadda yake kafin annoba, aka bi da harajin kai, abin ya taru ya fashe da tawayen manoma na 1381 ƙarƙashin Wat Taila. An murƙushe tawayen, amma ɗaurin manomi da gona bai sake komawa yadda yake ba.

Baba Alaramma: Kuma ba Turai kaɗai ta ci ba. Ibn Khaldun yana saurayi a Tunis ta ɗauke masa uwa da uba da malamansa da yawa. Wanda ya san haka in ya karanta Muƙaddima, inda yake maganar yadda dauloli ke tashi su tsufa su mutu, zai ji cewa mutumin da ya ga gari ya zama kango ne ke magana.

Bakatsine: Killace matafiya da muka gani lokacin korona, an ce daga can ya samo asali?

Malamin Tarihi: E. Birnin Ragusa, Dubrobnik ta yau, ya yi doka a 1377 cewa masu zuwa daga inda cutar take su zauna a keɓe kwana talatin. Daga baya aka mai da shi arba'in, kuma daga kalmar arba'in ta Italiyanci aka samo sunan da Turawa ke kiran killacewar da shi.

Ɗan Zazzau: Saura ɗaya da nake so a warware. Littafina ya ce cin Kustantiniyya ne ya toshe hanyar kayan yaji, shi ya sa Turawa suka shiga teku.

Malamin Tarihi: In ita ce kaɗai amsar da ta yi kama da daidai a cikin zaɓin, ɗauke ta. Amma duba shekarun da kanka. Fotugal ta kama Sabta a gaɓar Maroko tun 1415, shekara 38 kafin 1453, kuma tun daga nan jiragenta ke lallaɓawa kudu ta gaɓar Afirka. Abin da suke bi har da zinariyar da suka ga tana fitowa ta Sahara a kan raƙuma, suna so su kai ga tushenta ba tare da dillali ba. Shi ya sa suka gina ganuwar Elmina a Ghana ta yau a 1482, kafin Diyas ya zagaya ƙarshen Afirka a 1488, Basko da Gama ya isa Indiya a 1498. Yawancin kayan yaji kuma ta Iskandariyya da Bairut suke bi a hannun Mamalik zuwa birnin Banis na Italiya, kuma sun ci gaba da bi bayan 1453.

Ɗan Zazzau: To na sauko rabi. Zan ci gaba da haddata ta ashirin, amma zan jera su sarƙa-sarƙa yadda ka yi. Abin da ban yarda ba har yanzu shi ne a ce mutum ya shiga ɗakin jarrabawa da labari kawai babu lamba.

Malamin Tarihi: Ban ce haka ba ai. Lambar dole ce. Ga gwaji, kowa ya amsa ba tare da ya duba ba. Ɗaya: wane ne kakan Shalman, kuma wane yaƙi ya yi suna da shi? Biyu: wane halifa ne ya aika wa Shalman kyautar giwa? Uku: su wane ne suka wawashe Kustantiniyya a 1204? Huɗu: a wane yaƙi Abbasiyawa suka gwabza da daular Tang ta Sin?

Maman Biyu: Bari in gwada, na juya wa kwalin baya. Na ɗaya Shal Martal, yaƙin Tur, 732. Na biyu Haruna Rashid. Na huɗu Talas, 751, shekara ɗaya bayan hawan Abbasiyawa, don haka na riƙe ta. Na uku ne nake shakka. Zuciyata na ce mini Turkawa, amma Turkawa sai 1453, kuma ka ce mu riƙe 1054 a gefe. Salibiyawa ne da kansu?

Malamin Tarihi: Su ne, a yaƙinsu na huɗu. Sun fito da niyyar Masar, bashin jiragen Banis da rikicin gadon sarautar Rumawa suka karkatar da su, suka ƙare da wawashe birnin 'yan uwansu Kiristoci. Rumawa sun karɓo birnin a 1261 amma bai sake murmurewa ba, shi ya sa Fatih ya tarar da shi da rauni, ya ci shi bayan ƙawanya ta kwana 53 yana ɗan shekara 21. Giwar kuma sunanta Abul Abbas, ta isa fadar Shalman a Akin a 802. Huɗu bisa huɗu, Maman Biyu.

Maman Biyu: Alhamdu lillahi. Yau da dare zan cire kwalin in sake rubuta shi layi biyu, na duniya a sama, namu a ƙasa. Malam, in da hali gobe bayan isha'i a yi mana Indiya da Sin, daga daular Delhi zuwa tafiye-tafiyen teku na Zheng He, don can ne ban taɓa komai ba tukuna.

Malamin Tarihi: In sha Allah. Kafin nan kowa ya nemo shekarar da daular Ming ta kori Mongolawa daga mulkin Sin, ya kuma duba wane sarki ne ke kan gadon Kano a shekarar.